Kwalin haɗa jirgin Bounty na katako: jikin ya yi kyau, amma jigogin sai da na sake su da hannuna

Assalamu alaikum. Yau wata takwas kenan da kwalin nan ya iso hannuna, kuma sai yanzu nake jin na isa in ce wani abu a kansa, don ban so in yi magana tun ina kan gangar jikin jirgin ba, lokacin komai daɗi yake min. Kwalin haɗa ƙaramin jirgin ruwa ne na katako, samfurin jirgin nan Bounty na sojan ruwan Ingila, na yi odarsa daga wani kamfani a Turai, ƙanina ne ya taho min da shi a jakarsa don kuɗin aikowa kaɗai ya kusa kai rabin kuɗin kayan. Tun yanzu in faɗa muku inda na tsaya, jikin jirgin ya yi, wallahi ya yi, ba ni da ta cewa. Amma ɓangaren jigogi da sandunan filafilai, wanda shi ne ma ya ja ni na saya, a nan kamfanin ya yi sakaci, kuma a kansa zan fi daɗewa don duk mai niyyar saye ya san abin da ke jiransa.

Bari mu daidaita suna tukunna tunda mu ba mutanen teku ba ne. Jigo shi ne dogon itacen nan da ke tsaye a kan jirgi. Sandunan gicciye su ne waɗanda ake ratayawa a jikinsa a kwance, su ake ɗaura wa filafilai, wato manyan ƙyallayen da iska ke turawa. Sai wanda ke fitowa ta gaban jirgi ya miƙe kaman tsinin mashi, shi nake ce wa jigon goshi. Bounty jigo uku gare shi, na gaba da na tsakiya da na baya, kuma jigon ba itace ɗaya ba ne da ya tashi daga ƙasa har sama, hawa-hawa ne, akwai na ƙasa mai kauri, sai na biyu ya hau ta gabansa su ɗan haɗa kafaɗa, sai na uku siriri can a ƙololuwa. An yi haka ne don in guguwa ta taso a iya sauke na saman, in kuma ɗaya ya karye a canza shi kaɗai ba sai an tumɓuke duka ba.

Shi jirgin na gaske ba babba ba ne. An ƙera shi a Hull a 1784 da sunan Bethia yana dakon kaya, sojan ruwa suka saye shi a 1787 suka gyara shi a Deptford kusa da Landan suka sa masa Bounty, aka damƙa wa William Bligh ya je Tahiti ya kwaso dashen wata bishiya da ake ce wa bishiyar burodi, a kai tsibiran Karebiyan don a samu abinci mai arha na ciyar da bayin da ke noman rake. Wannan ɓangaren duk lokacin da na tuna sai jikina ya yi sanyi, don 'yan Afirka ne bayin. Ranar 28 ga Afrilu 1789 Fletcher Christian da wasu suka yi tawaye suka sauke Bligh da mutum 18 a ƙaramin kwalekwale, daga baya a Janairun 1790 suka ƙone jirgin a tsibirin Pitcairn. Abin da ya shafe ni a labarin shi ne tun kafin su tashi Bligh ya nemi a rage wa jigogin tsawo, yana ganin sun yi wa jirgin yawa ga irin tafiyar da za su yi, aka kuwa rage. Ka ga ashe tsawon jigo ba ado ba ne, lissafi ne da ran mutane ke rataye a kai, shi ya sa da na zo wajen ban yarda in yi shi sama-sama ba.

Ma'aunin kwalin 1:48 ne, ma'ana ƙafa ɗaya a jirgin gaske kwatan inci ce a nawa. Tsawon Bounty wajen mita 27.7 ne, to jikin samfurin ya kama santimita 58 haka, in aka haɗa da jigon goshi da abin da ya leƙa ta baya ya doshi mita guda, ka tanadi wajen ajiyewa tun kafin ka saya. Haƙarƙarin jirgin yankan lesa ne, wato injin da ke yanka da haske, kowanne ya shige gurbinsa ba gardama, siraran katakan rufin jiki ma masu kyau ne, akwai na sapele ja mai sheƙi, wanda sunansa ma daga garin Sapele na jihar Delta ya samo asali, katakon yankinmu ya je Turai an yanka an dawo mana da shi a kwali. Littafin bayani a wannan matakin hoto bayan hoto ne, ko ba ka jin turanci za ka bi. Wata huɗu na yi ina jin daɗina.

Sai na zo jigogi. Littafin da ya kashe shafuka masu yawa a kan jiki, da ya zo nan shafi biyu ya ba su, hoto uku, na farko sanda ce zagayayya, na biyu an riga an fiƙe ta, na uku an gama an yi fenti. Yadda aka yi aka tashi daga na farko zuwa na biyu kuwa babu ko layi ɗaya. Babbar takardar zane tana da kyau, girmanta daidai da girman samfurin ne sai ka ɗora sanda a kai ka gwada, wannan na yaba musu, amma kauri a waje biyu kawai suka rubuta, gindi da kai, abin da ke tsakani kai za ka nemo.

Su kansu sandunan su ne babbar matsalar. Kwalin ya iso ƙarshen damina, na duba su lokacin a ido lafiya lau, na mayar na rufe. Ban sake ciro su ba sai Janairu, tsakiyar hunturu, lokacin da leɓe ke tsagewa ƙofar katako ke saki da kanta. Na ɗauko gilashin teburin falo na kwantar na riƙa mirgina su ɗaya bayan ɗaya, don miƙaƙƙiyar sanda shiru take gangarawa, karkatacciya kuwa sai ka ji tana ƙwas ƙwas tana ɗaga ciki kana hango haske ta ƙarƙashinta. Cikin goma sha huɗu, tara sun lanƙwashe. Mai kaurin milimita 10 da aka ce ita ce jigon tsakiya ta fi kowacce, cikinta ya ɗaga har ina iya zura kwali biyu na katin waya a ƙasa. Na jiƙa ta na danne da littattafai kwana uku, ta miƙe, na yi murna, bayan sati ta koma yadda take.

A layinmu akwai wani dattijon kafinta da ya fi shekara arba'in yana sana'ar, kowa Baba yake ce masa. Na kai masa sandar bayan la'asar, na ce Baba dan Allah duba min wannan, ko akwai dabarar da za ta tsaya a miƙe. Ya karɓa ya ɗaga ta saitin ido yana juyawa a hankali, ya sa farce ya bi wani layi a jikinta ya ce, ɗana duba jijiyar katakon, ba ta bi tsawon sandar ba, ta fita ta gefe, inji ne ya yanko ta zagaye bai damu da inda jijiya ta nufa ba, wannan ko ka miƙar da ita sau goma sai ta koma. Na ce to Baba mene ne abin yi. Ya shiga cikin shagon ya daɗe yana motsa tarkace, ya fito da guntun tsohon firam ɗin taga na katakon fayin, wato pine a turance, wanda ya ce ya fi shekara ashirin a jingine, ya kafa cizal a kansa ya buga sau ɗaya, katakon ya tsage da kansa ya bi jijiyarsa tsaf har ƙasa. Ya ce ka fara da tsagagge, kar ka fara da yankakke. Ko sisi bai karɓa ba, Allah Ya saka masa da alheri.

Kuma abin ya yi daidai da tarihi, don jigogin jiragen Ingila na wancan zamanin da dangin fayin ake yin su, ana kawo itacen daga yankin tekun Baltik musamman ta Riga, da kuma dazukan Arewacin Amurka kafin su samu 'yancin kai, har tambarin kibiya ake sara wa manyan bishiyoyi a can don a nuna na sarki ne kar kowa ya taɓa.

To yanzu ga yadda ake fitar da zagayayyen jigo daga katako mai kusurwa huɗu, wanda da littafin ya ƙara shafi ɗaya ya faɗa da ya hutar da mutane da yawa. Na fara gyara tsagaggen katakon da ƙaramin filen har ya zama murabba'i milimita 12 kowane gefe. Tun yana da kusurwa huɗun nake fiƙe shi, wato in rage masa kauri zuwa sama a duk fuska huɗun daidai wa daida, ina aunawa da baniya, abin auna kauri irin na makanikai. Daga nan sai ƙa'idar da masu sassaƙa jigo ke ce wa bakwai, goma, bakwai: ka raba faɗin kowace fuska kashi 24, ka ja layi bayan kashi 7, ka bar 10 a tsakiya, ka sake jan layi 7 ta rage. A milimita 12 lissafin ya zo da sauƙi, 3.5 sai 5 sai 3.5, inda ya sirance kuma layukan su ma sai su matso da juna. In ka sassaƙe kusurwoyin huɗu zuwa kan layukan nan, sai ga katako mai fuska takwas duk girmansu ɗaya. Ka sake shafe kusurwoyin ya zama sha shida, daga nan sanfefa kawai ta rage. Don ya zauna ya daina birgima lokacin sassaƙa, na yanka kwari mai siffar V a wani guntun katako na kafa ƙusa a ƙarshe ta tokare shi. Ranar da na fara ganin fuska takwas ɗin nan sun fito tas a hannuna, siraran ɓawon katako na nannaɗewa suna zuba a cinyata ɗakin duk ƙamshin fayin, na daɗe ina juya shi ina kallo, ban taɓa jin daɗin wani mataki a aikin nan kaman wannan ba.

Wani amfanin farawa da murabba'i shi ne kan jigon ƙasa dama kusurwa huɗu gare shi a jirgin gaske, daga inda dandamali, wato ɗan faffaɗan wajen tsayawa da ke can saman jigon, ke zama zuwa sama. In da zagayayyar sandar kwalin ka fara sai ka goge ta da magagari ka fitar da kusurwa, kuma dole ta yi ƙaranci don daga cikin da'ira kake cirowa. In da murabba'i ka fara kuwa barin wajen kawai za ka yi kar ka taɓa.

Ba ni da injin juya katako, diril ɗin hannu na ɗaure a tebur na riƙa amfani da shi wajen gogewar ƙarshe. Yana yi, amma a kula da abu uku da na koya da tsada. Haƙoran diril suna cin katako, saboda haka ka bar rarar santimita uku da za ka yanke daga baya. Sanfefar tana zafi sosai cikin daƙiƙa kaɗan, ka ninka ta a kan tsumma, ka fara da mai lamba 120 ka gama da 320, kuma kar ka tsaya waje ɗaya sai ka yi rami. Sannan ɗaya bakin sandar kar ka bar shi yana lilo a iska, ka huda rami a guntun katako ka zura shi ciki. Ban yi hakan ba da farko, siririn jigon ƙololuwa mai milimita 3 ya yi wulwul sau biyu ya karye, aikin yamma guda ya tafi. Daga nan duk sirara na koma yin su da tsinken tsire na gora, sabo wanda ba a taɓa sa nama ba, na zaɓo miƙaƙƙu cikin ƙunshi guda, gora ba ta karyewa da wuri kuma jijiyarta a miƙe take tun asali, in ta sha fenti ba mai ganewa. In an ɗauke wuta kuwa da hannu nake ci gaba, ina murza sandar a cinya da hagu sanfefa a dama, ya fi jinkiri amma ya fi kiyaye kuskure.

Sandunan gicciye su ne suka fi nuna bambanci tsakanin zanen kwalin da jirgin gaske. A hoton littafin an fiƙe su ne kaman fensir, layi miƙaƙƙe daga tsakiya zuwa baki. Ba haka suke ba. Tsofaffin masu sassaƙa na Ingila raba kowane rabin sanda suke gida huɗu, kauri a gaɓar farko 30 cikin 31 na kaurin tsakiya, ta biyu 7 cikin 8, ta uku 7 cikin 10, baki kuma 3 cikin 7. A babbar sandata mai milimita 6 a tsakiya ya zama 5.8, sai 5.25, sai 4.2, sai wajen 2.6 a baki. Ka lura da lambobin, kusa da tsakiya kusan ba ta raguwa, sai can wajen baki take zubewa da sauri, shi ya sa take fitowa da ɗan ciki mai kyau kaman baka, don a tsakiya nauyin yake. Na yi ɗaya irin ta littafin ɗaya irin ta ƙa'idar na jera su a tebur na kira maman yara na ce wacce ta fi, ba ta san komai a kan jirgi ba amma nan take ta nuna ta biyun ta ce wannan ta fi kama da abin gaske. Tsakiyar manyan sandunan kuma fuska takwas ake barinta ba a zagaye ta, nan ma wanda ya bi hanyar murabba'i ya samu kyauta, wanda ya bi sandar kwali sai ya manna siraran katakai takwas ya yi ta fama.

Akwai igiyar takawa da ke rataye ƙarƙashin kowace sandar gicciye, a kanta matuƙa ke tsayawa su kifa ciki a kan sandar suna naɗe filafili, sama da ruwa, jirgi na tangaɗi. Zaren da suka bayar don ita yana da gashi-gashi kuma ba ya lanƙwasa yadda igiya mai nauyi ke yi, sai na ja shi ta cikin kakin zuma sau biyu gashin ya kwanta, na shafa masa farin gam ɗin kafinta da na tsinka da ruwa na rataya masa 'yan ƙusoshi har ya bushe da lanƙwasarsa. Shawarata duk wani fuli, wato ɗan gargaren da igiya ke bi ta kansa, da igiya da za ka ɗaura wa sanda ka gama su tun tana kan tebur, in ta hau jigo hannunka ba zai shiga ba.

In koma kan abin da kamfanin ya yi daidai, don adalci. Dandamalin da ke kan jigon ƙasa, mai siffar harafin D, yankan lesa ne mai tsabta, ramin tsakiya da ƙananan ramukan gefe duk a inda ya kamata suke, katakan da ke tallafe da shi ta ƙasa, biyu a tsaye biyu a gicciye, sun shiga juna ba tare da na goge komai ba. Kumatun jigo ma, wato ɓangarori biyu da ake mannawa hagu da dama su ɗauki nauyin dandamalin, sun zo daidai. Amma hular jigo ta ɓata min rai. Ita hula guntun katako ce mai rami biyu da ke kan jigon ƙasa, ramin baya mai kusurwa huɗu ne ya zauna a kan jigon, na gaba zagayayye ne jigo na biyu ya ratsa ta ciki, gindinsa kuma ya zauna a kan wata sakata da ake zurawa ta gicciye. Su sai suka zubo ta da ƙarfe mai taushi, ramukan biyu duk zagayayyu, ɗaya ma a karkace, in ka sa jigo na biyu sai ya kalli gefe. Na gwada buɗe ramin da magagari bakin ya tsage. Ƙarshe da ragowar katakon maɗaci na yanka sababbi, na fara huda ramukan tukunna sannan na yanke kewayen, don in ka yanke ƙaramin abu kafin ka huda fashewa yake. Da baƙin fenti ya hau sun fi na ƙarfen kyau nesa ba kusa ba, kuma ba su da nauyi.

Manyan jigogin wancan lokacin ana yi musu ɗamara da igiya a wurare da dama don ƙarin ƙarfi, kafin daga baya zoben ƙarfe ya maye gurbinta. Zanen ya nuna inda za a yi amma bai ce komai a kan yadda za a ɓoye bakin zare ba. Ni zagaye 13 na yi wa kowace, na kwantar da madauki a ƙarƙashi na naɗe a kansa na zura bakin na ja ya shige ciki, irin yadda ake ɗaure bakin tsintsiya ko ƙotar wuƙa, ba ƙulli a waje ko ɗaya. Sama da ƙasan kowace ɗamara na zagaya siririyar takarda mai kauri na yi mata fenti launin katako.

Wajen kafa su a jirgi ne na ƙi bin littafin gaba ɗaya. Ya ce a zuba gam a rami a kafa jigo. Ban sa gam ba ko ɗigo, don a jirgin gaske igiyoyi ne ke riƙe da jigo, na gefe da na gaba, in ka manne shi ya bushe a karkace shi kenan sai dai ka fasa daɓen jirgi. Kuma jigogin ba a tsaye cak suke duka ba, na gaba kusan a miƙe yake, na tsakiya ya ɗan jingina baya, na baya ya fi shi jingina, na yanka kwali uku da kusurwar kowanne daga zanen ina tokarawa. Na rataya zare da ɗan noti na ƙarfe a ƙofar ɗaki irin yadda magina ke duba gini, na ajiye jirgin a bayansa na tsuguna ta goshi na rufe ido ɗaya, in ukun sun ɓuya bayan juna sun zama ɗaya to an dace. Ramin jigon baya a daɓen ya kauce hagu da kusan milimita ɗaya, a ƙasa ba ka gani amma a ƙololuwa ya fito fili, sai na ɗan buɗe ramin na cusa siririn katako ta ɗaya gefen. Kowace sandar gicciye kuma na huda mata ƙaramin rami a tsakiya na sa guntuwar wayar tagulla ta shige jikin jigo, ba a gani, tana riƙe ta a wajenta har in gama ɗaure igiyoyin.

Na rubuta wa kamfanin a kan sandunan da hulunan na tura hotuna. Sun amsa bayan kwana goma sha ɗaya cikin ladabi, suka ce za su aiko wasu kyauta amma ni zan biya kuɗin aikowa, kuma irin waɗancan sandunan ne dai za su sake turowa su zo su tarar da hunturu na gaba. Na yi musu godiya na ce su bar shi. Abin da na roƙe su shi ne su ƙara shafi a littafin su rubuta kaurin kowace gaɓa, wannan ba zai ci musu komai ba.

Wa zan ce ya saya? Wanda ya taɓa riƙe filen da magagari, ko yake da kafinta a kusa da zai tambaya, kuma yake da haƙurin zama awa biyu a kan sanda ɗaya, ya saya ba zai yi nadama ba, jikin jirgin da dandamalin da babban zanen kaɗai sun biya kuɗinsu. Wanda bai taɓa haɗa ko ɗaya ba kar ya fara da mai jigo uku, ya nemi ƙarami mai jigo ɗaya ya koyi hannu. In kuma a Arewa kake, ranar da kwalin ya iso ka ciro sandunan ka ɗaure su tare da roba a jikin miƙaƙƙen katako ka ajiye nesa da taga, duk wanda ka gama sassaƙawa kuma ka shafa masa banish siriri a ranar, har da bakinsa na sama da na ƙasa don ta nan ya fi shan iska. Nawa na fayin sun wuce sauran hunturu sun shiga zafin Afrilu, jiya na zare jigon tsakiya na sake mirgina hawansa na biyu a kan gilashi don gwaji, shiru ya gangara.

Da yamma na ɗauki jirgin a hankali na kai wa Baba shago, yaran layi na biye da ni. Ya goge hannu a rigarsa kafin ya taɓa, ya tsuguna ta goshi ya rufe ido ɗaya kaman yadda nake yi ba tare da na faɗa masa ba, ya daɗe a haka, sannan ya miƙe ya nuna sandar gicciye ta sama a jigon gaba ya ce ɗana wannan bakinta na dama ya fi na hagu kauri kaɗan. Na dawo gida na sa baniya, milimita 0.3 ne bambancin. Na cire ta, tana kan tebur yanzu, gobe in Allah Ya kai mu zan gyara kafin in fara ɗaure igiyoyin gefe.